Juji Ya Kusa Cika: Tambayoyi da Amsoshi Kan Binne Shara, Sake Sarrafawa da Aikin Ƙaramar Hukuma

Waɗannan su ne tambayoyin da suka fi fitowa daga bakin kansiloli, ma'aikatan tsaftar muhalli, 'yan kwangilar kwashe shara da maƙwabtan juji, musamman idan aka fara raɗe-raɗin cewa wurin zubarwa ya kusa cika. An fara da na sharar fage, sannan aka shiga na lissafi da na doka.

1. Mene ne bambancin juji da filin binne shara na zamani?

Juji wuri ne da ake zuwa a juye a tafi. Ba shinge, ba sikeli, ba mai rufe sharar da ƙasa, kuma duk ruwan da ya tsatso daga cikinta ƙasa yake nutsewa. Filin binne shara kuwa gini ne da injiniyoyi suka zana. Ana shimfiɗa masa yumɓu a danne, a ɗora leda mai kauri a kai, a jera bututun janye ruwa a cikin tsakuwa, kafin tifa ta farko ta shiga. A dokar Amurka kaurin yumɓun bai gaza santimita 60 ba, ledar kuma, idan ta HDPE ce, wato wata roba mai ƙarfi, milimita ɗaya da rabi.

Akwai na tsakiya: jujin da aka kewaye, aka sa masa mai gadi da rajista, ake baje sharar ana rufewa kullum. Bai kai na zamani ba, amma tsakaninsa da buɗaɗɗen juji akwai tazara mai yawa, kuma hukumar da kuɗinta bai taka kara ya karya ba za ta iya kaiwa nan cikin 'yan watanni.

2. Shara nawa mutum ɗaya yake fitarwa a rana, kuma me ya fi yawa a cikinta?

Rahoton Bankin Duniya na 2018 ya ƙiyasta cewa garuruwan duniya sun fitar da tan biliyan 2.01 a 2016, wato kusan giram 740 ga kowane mutum a rana, kuma adadin zai kai tan biliyan 3.4 nan da 2050. Kashi 44 cikin 100 ragowar abinci ne da ganyaye. A ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi wannan kason ya haura rabi, a masu arziki kuma kwali da roba ne suke ƙaruwa.

Kada a ɗauki waɗannan alƙaluma a yi kasafi da su. Kowane gari ya auna tasa sharar: a zaɓi motoci daga unguwanni mabambanta har tsawon mako guda, a ɗebi kimanin kilo 100 daga kowacce, a baje a kan tamfol, a ware kashi-kashi, a auna. A yi da rani, a maimaita da damina, domin jiƙaƙƙiyar shara nauyinta daban.

3. Yaya ake lissafin shekarun da suka rage wa fili?

Abin da yake ƙarewa a filin binne shara ba faɗin ƙasa ba ne, sarari ne, kuma da kubik mita ake auna shi. Abubuwa huɗu ake buƙata: sararin da ya rage, nauyin da yake shigowa a shekara, kilo nawa ake iya cusawa a kubik mita ɗaya, da kason da ƙasar rufi take cinyewa.

Ga misali. Gari mai mutum 200,000, kowa na fitar da giram 600 a rana, zai kawo tan 120 kullum, tan 43,800 a shekara. Idan ana danne ta har kilo 800 a kubik mita, za ta ci kubik mita 54,750. A ƙara kashi 20 cikin 100 na ƙasar rufi, ya zama 65,700. Idan safiyo ya ce saura kubik mita 500,000, filin yana da shekara bakwai da rabi. Wannan filin dai, idan ana barin sharar a kilo 400 kawai, bai kai shekara huɗu ba. Gari ɗaya, shara ɗaya, amma rabin rayuwar filin ta tafi a kan yadda direban katafila yake aikinsa.

A sake awon sararin kowace shekara, da safiyo ko da jirgi maras matuƙi, a kwatanta da abin da sikeli ya rubuta. A kuma saka ƙaruwar jama'a a lissafin, in ba haka ba amsar za ta fi gaskiya daɗi.

4. Me ya sa fili yake cika tun kafin lokacin da aka ɗibar masa?

Rashin danna shi ne na farko (duba tambaya ta 5). Na biyu, karɓar abin da bai kamata ya shiga ba: ɓaraguzan gini, tayoyi, katifu, rassan itace. Taya ba ta dannuwa, tana riƙe iska, kuma takan taso sama bayan shekaru ta fasa rufin. Ɓaraguzai kuwa in aka niƙa su, da su ake gyara hanyar cikin filin. Na uku, zuba ƙasar rufi fiye da ƙima. Santimita 15 a ƙarshen yini ta isa, amma za ka tarar ana zuba ninki biyu saboda ba wanda yake aunawa. Na huɗu shi ne motocin da suke shigowa daga wasu yankuna ba rajista. Wurin da ba shi da sikeli a bakin ƙofa bai san abin da yake haɗiya ba.

5. Yaya ake danne shara yadda ya kamata?

A taƙaita wurin juyewa na ranar, kada a bar kowace mota ta sauke inda ta ga dama. A baje sharar siriri, kaurin da bai wuce santimita 50 zuwa 60 ba, sannan inji ya bi ta kai sau uku zuwa biyar kafin a ɗora wata. Idan aka tula mita biyu a lokaci guda, samanta kaɗai yake dannuwa, ƙasan yana nan sako-sako. Bayan bi na biyar kuma mai kawai ake ƙonawa.

Katafila mai sarƙa an ƙera ta ne don ta rarraba nauyinta, saboda haka turawa ta fi iyawa. Injin danna shara na ainihi yana da ƙafafun ƙarfe masu haƙora da suke yayyaga sharar suna cusa ta. Wurin da yake karɓar tan ɗaruruwa a rana ya cancanci wannan inji, ƙaramin wuri kuma katafila za ta wadatar idan an kiyaye kaurin shimfiɗa. A tanadi kayan gyara tun ranar saye: injin da ya kwanta wata uku yana jiran tiyo ɗaya ya jawo asarar sararin da ba zai dawo ba.

6. Baƙin ruwan da yake fitowa daga gindin juji fa?

Ruwan sama ne da ya ratsa shara, haɗe da ruwan da ruɓaɓɓen abinci yake saki. Yana ɗauke da amoniya, gishiri, da ƙarafa masu guba daga batura da fenti. In ya kai ga ruwan ƙarƙashin ƙasa, rijiyoyi da burtsatse na kewaye sun gurɓace, kuma tsarkake su aiki ne na shekaru.

Hanya mafi sauƙi ita ce hana ruwan sama shiga tun farko: magudana a kewayen fili, rufi mai ɗan gangara, ƙaramin wurin juyewa. Wanda ya shiga kuma a janye shi ta bututu zuwa tafki mai shimfiɗa, kada zurfinsa a kan ledar gindi ya wuce santimita 30. A haƙa rijiyoyin gwaji, aƙalla ɗaya a ɓangaren da ruwan ƙasa yake fitowa, biyu ko uku a inda yake dosa, ana ɗibar samfur a kai a kai. Wanda rijiyarsa take kusa da juji yana da haƙƙin ya nemi a nuna masa sakamakon.

7. Me yake kawo gobarar juji, kuma yaya ake kashe ta?

Abinci da takarda in suka ruɓe a inda ba iska, suna fitar da gas wanda kusan rabinsa metan ne. Metan yana kamawa idan ya kai kashi 5 zuwa 15 cikin 100 na iska, kuma a tsawon shekara 100 yana ɗumama duniya kusan ninki 28 na hayaƙin kabon. Tartsatsin kan zo daga toka mai zafi, guntun sigari, batirin waya da inji ya taka, ko wutar da ake cinnawa don a fitar da waya daga roba.

Wutar sama ana ture ta gefe da inji a rufe da ƙasa. Ta ƙarƙashi ita ce masifa: tana iya ci na watanni, alamarta hayaƙi daga tsaga da ƙasa mai lotsawa. Kwarara mata ruwa da yawa yana ƙara baƙin ruwa, yana kuma sassauta tudun (duba tambaya ta 8). Toshe mata iska ake yi da ƙasa mai laka, a danne. Maganin dindindin shi ne rufin kullum da rijiyoyin zuƙo gas, a ƙona shi a bakin bututu ko a kunna janareta da shi.

8. Idan fili ya cika, me zai hana a ci gaba da tulawa sama?

Ana iya ƙara tsayi, amma da zanen injiniya, kuma gangarar gefe kada ta wuce mita ɗaya sama a kowace mita uku ta kwance. Tudun da aka tula tsaye, ruwa ya cika cikinsa, gas yana tunkuɗa, zaftarewa yake yi. A watan Yulin 2000 jujin Payatas a Filifin ya rufta kan gidaje, mutum fiye da 200 suka mutu. A Maris na 2017 na Koshe a Adis Ababa ya kashe fiye da 100. A Agustan 2024 na Kiteezi a Kampala ya binne fiye da 30. Duka ukun wurare ne da aka daɗe da sanin sun wuce ƙima, mutane kuma suna kwana a gindinsu. Tsagewa a saman tudu, kumburi a gindinsa, ko ruwa yana ɓulɓulowa daga gefe, kowanne dalili ne na kwashe mutane a ranar, ba a jira zaman kwamiti ba.

9. Ba sai a buɗe sabon fili kawai ba?

Buɗe sabo yakan ɗauki shekara biyar zuwa goma: neman wuri, gwajin ƙasa da ruwa, nazarin tasiri ga muhalli, biyan diyya, shari'a da maƙwabta, sannan gini. Wurin kuma dole ya nisanci fadama, hanyar ambaliya, maɓuɓɓugar ruwan sha da filin jirgin sama, saboda tsuntsaye. Don haka hukumar da lissafinta ya nuna saura shekara bakwai, yau ya kamata ta fara. Filin Fresh Kills na birnin Niyok an buɗe shi a 1948 da sunan na wucin gadi, ba a rufe shi ba sai 2001.

Sabon wuri kusan kullum ya fi tsohon nisa. Idan tafiyar ta haura kilomita 25 zuwa 30, ya fi a gina zango a bakin gari, ƙananan motoci su sauke, tirela ta kwasa. Ƙananan hukumomi uku ko huɗu su haɗa kai su gina fili ɗaya mai kyau ya fi kowacce ta riƙe jujinta.

10. Sake sarrafa kaya yana ƙara wa fili kwana da gaske?

Yana ƙarawa, amma kaya suna suka tara. Kwali da robar ruwa ba su da nauyi sai cin wuri, don haka cire su yana ceton sarari fiye da yadda sikeli zai nuna. Gwangwanin alminiyam shi ne sarki: narkar da tsoho yana rage kusan kashi 95 cikin 100 na makamashin da ake kashewa wajen yin sabo, kuma ana iya maimaitawa ba iyaka. Ƙarfe da kwalba ma haka suke jure narkarwa, sai dai kwalba nauyinta yakan sa kuɗin mota ya cinye ribar. Takarda tana zagayowa sau biyar zuwa bakwai kafin zarenta ya gajarce.

Roba ce mai wuyar sha'ani. Kusan kashi 9 cikin 100 kacal na sharar roba a duniya ake sake sarrafawa. A duba lambar da ke gindin mazubi: mai lamba 1, wato PET, da mai lamba 2, wato HDPE, suna da masu saye kusan ko'ina. Siririyar leda, soson ƙunshe kaya da fakiti mai haɗin roba da alminiyam, da wuya a samu mai karɓa.

11. Me ya sa wani lokaci kayan da aka ware suke ƙarewa a rami?

Ko dai sun ƙazantu, ko kasuwa ta faɗi. Kwalin da mai ko ruwan abinci ya jiƙa ya tashi daga aiki, fasasshiyar kwalba a cikin takarda kuma tana sa masana'anta ta mayar da lodin gaba ɗaya. Ɓangaren kasuwa, a 2018 Sin ta rufe ƙofa ga yawancin sharar roba da gaurayayyar takarda daga waje, ta kuma ce ƙazantar da za ta lamunta a sauran kada ta wuce rabin kashi ɗaya cikin 100. Garuruwa da dama a Amurka da Turai suka wayi gari da tulin kaya ba mai saye.

Shi ya sa a nemo mai saye tukuna, a ji irin kayan da yake so da yadda yake son a ɗaure su, sannan a ce wa jama'a su ware. Kashi biyu, jiƙaƙƙe da busasshe, wanda kowa zai iya kiyayewa, ya fi kwanduna biyar masu launi da motar ƙarshe za ta haɗe wuri guda. Ranar da mutane suka ga an haɗe abin da suka sha wahalar warewa, shirin ya mutu.

12. Ragowar abinci fa, tunda ita ta fi yawa?

Ita ce uwar wari, ƙuda, baƙin ruwa da metan, saboda haka cire ta yana warware matsaloli huɗu lokaci guda. A fara da manyan masu fitarwa: kasuwannin kayan lambu, otal-otal, makarantun kwana. Sharar su tana da yawa a wuri ɗaya kuma ba ta cika gauraya ba.

Wajen yin taki, a haɗa ɗanye da busasshe kamar ganye, kara ko ɗan kwali, a jera kunya-kunya mai tsayin mita ɗaya da rabi. Damshin ya zama kashi 50 zuwa 60 cikin 100: in ka damƙa a hannu ya dunƙule, ɗigo ɗaya ko biyu su fito, ya yi. Zafin ciki ya kai digiri 55 na kwanaki don ƙwayoyin cuta da irin ciyawa su mutu, ana juyawa kamar mako-mako. Warin ruɓaɓɓen ƙwai alamar ruwa ya yi yawa ne, a ƙara busasshe a juya. Kuskuren da ya fi kashe irin wannan shiri shi ne yin taki daga gaurayayyar shara: yakan fito da gutsattsarin kwalba da leda, manomi kuma in ya gani sau ɗaya ba ya dawowa.

13. Ƙona shara a samar da lantarki ba zai raba gardama ba?

Tashar ƙonawa ta zamani tana rage girman shara da kusan kashi 90 cikin 100, amma tana da sharuɗɗa. A dokar Tarayyar Turai hayaƙin sai ya kai digiri 850 na aƙalla daƙiƙa biyu, sannan a tace shi. Sharar kuma sai mai cin wuta da kanta. Wadda rabinta jiƙaƙƙen abinci ne da ƙasa, sai an taimaka mata da mai. Tokar matatar hayaƙi guba ce mai buƙatar rami na musamman, ke nan ba a rabu da binnewa ba. Sannan irin wannan kwangila takan tilasta wa hukuma kawo wani adadin tan kullum na shekara 20 ko fiye, ko ta biya tara, abin da yake karo da shirin rage shara. Garin da bai riga ya mallaki sikeli da sakamakon awon tambaya ta 2 ba, bai kai matakin sa hannu a wannan takarda ba.

Cinna wa shara wuta a fili kuwa ba ya cikin lissafi. Hayaƙin roba yana shiga huhun yara kafin na kowa.

14. Ina matsayin 'yan bola jari a tsarin hukuma?

A garuruwa da yawa su ne suke yin mafi yawan aikin ware kaya, ba tare da hukuma ta biya ko sisi ba. Korar su asara ce, barin su a gaban katafila kuma ganganci ne. Abin da ya yi aiki shi ne rajista da katin shaida, rumfar warewa nesa da injuna, safar hannu da takalmi, allurar rigakafi, da hana yara shiga. A Pune ta Indiya ƙungiyarsu ce take bi gida-gida tana karɓar shara bisa yarjejeniya da hukumar birni tun 2008. A Bogota ta Kolombiya, bayan hukuncin kotun tsarin mulki, an fara biyansu a 2013 gwargwadon nauyin da suka ceto.

15. Daga ina kuɗin aikin zai fito?

A ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi shara takan ci kusan kashi 20 cikin 100 na kasafin gari, kuma mafi yawansa a kwashewa yake tafiya, binnewa ta samu ragowa. Hanyoyin tara kuɗi uku ne: kuɗin wata a kan kowane gida, kuɗin ƙofa a kan kowane tan, da biya gwargwadon abin da ka zubar. Koriya ta Kudu ta ɗauki na ukun a 1995: ba a kwashe shara sai a cikin jakar hukuma da mutum ya saya, kayan sake sarrafawa kuma kyauta. Birtaniya ta sa harajin binnewa a 1996 tana ƙara shi a hankali, har binnewa ta daina zama hanya mafi arha.

Kowacce tana da illa ɗaya: in kuɗi ya hau ba sa ido, shara za ta koma kwalbati da kangwaye da dare. A fara da kwashewa a kan lokaci, a sassauta wa marasa ƙarfi, sannan tara ta biyo baya. Kuɗin kuma ya shiga asusu na daban, a ware wani kaso na rufe fili (duba tambaya ta 17).

16. Me ƙaramar hukuma za ta iya da kanta, me ya fi ƙarfinta?

A hannunta akwai jadawalin kwashewa, dokar ware shara, lasisin masu kwasa, sikeli, da sharuɗɗan kwangila. A nan a kula: ɗan kwangilar da ake biya kan kowane tan da ya binne ba zai so sharar ta ragu ba. A ɗaura wani ɓangare na biyansa a kan dannewar da awon shekara ya tabbatar, da rufin kullum.

Abin da ya shafi masana'antu sai gwamnatin sama. Jamus ta sa kuɗin ajiya na santi 25 na yuro a kan robobi da gwangwanayen sha tun 2003, wanda ake mayar wa mai saye idan ya dawo da mazubin, kuma fiye da kashi 90 cikin 100 suna dawowa. Ruwanda ta hana leda a 2008, Kenya a 2017. Tarayyar Turai ta ɗora wa mambobinta cewa zuwa 2035 kada abin da ake binnewa ya wuce kashi 10 cikin 100 na sharar gari, a kuma sake sarrafa kashi 65. Ƙaramar hukuma ba za ta kafa irin waɗannan ita kaɗai ba, amma alƙaluman sikelinta su ne hujjar da za ta kai gaba.

17. Bayan an rufe fili, shi ke nan? Za a iya gini a kai?

Rufewa aiki ne mai tsada: a gyara gangara, a shimfiɗa yumɓu ko leda, a ɗora ƙasar shuka, a dasa ciyawa mai gajeren saiwa. Gas da baƙin ruwa ba sa tsayawa don an kulle ƙofa. A Amurka doka ta wajabta kula da wurin na shekara 30 bayan rufewa.

Gidaje kam a'a. Ƙasar tana ci gaba da lotsawa ba daidai ba, harsashi ya tsage, metan kuma yana bin bututu da tsaga ya taru a ɗaki. Abin da ya dace shi ne filin wasa, wurin shaƙatawa, ko faifan lantarki mai amfani da hasken rana da aka ɗora a kan dandamalin kankare ba tare da huda rufin ba. A sa iyakar wurin a taswirar filaye da takardun mallaka, a kafa alamun kankare a kusurwoyinsa, domin bayan shekara 20 ciyawa ta rufe shi, kuma wanda zai yanka fuloti a lokacin bai taɓa ganin tifa ta shiga wurin ba.